Bidiyo a Aji: An Sayi Akwatin, An Manta da Yaron Bayan Aji

*Gajeren bidiyo zai iya taimakon yaran da darasi ke wucewa. Yadda ake sayensa da yadda ake kunna shi ne ke hana hakan.*

Duk wanda ya taɓa halartar bikin buɗe “ajin zamani” a makarantar gwamnati ya san yadda ranar take tafiya. Ana share harabar makaranta tun da asuba, a shafa wa aji ɗaya sabon fenti, a ɗaura ƙyalle mai launi a bakin ƙofa. Babban baƙo ya iso da tawagarsa, a tayar da janaretan haya, a kunna ƙaton akwatin talabijin da aka kafe a bango. Sai ga hoton zuciya tana harba jini, wata murya kuma tana zuba bayani da Turancin Amurka. Yara su yi tafi, masu ɗaukar hoto su ɗauka, a watse. Wanda ya koma makarantar bayan zango ɗaya, sau da yawa zai tarar da akwatin a ofishin shugaban makaranta, an lulluɓe shi da tsohon labule saboda ƙura, ba wanda ya san inda rimot ya shiga.

Kuɗin da aka ɓarnatar abin takaici ne, amma akwai asarar da ta fi shi. Kowane irin wannan biki yana ƙara tabbatar wa malamai da iyaye cewa bidiyo a aji kayan ado ne, harkar manya ce da ba ruwanta da karatu. Alhali kuwa a cikin kayan koyarwar da za a iya kaiwa ajin firamare a ƙasar Hausa a yau, kaɗan ne za su yi wa yaron da aka bari a baya abin da gajeren bidiyo zai yi masa, matuƙar an shirya shi da harshen da yaron yake ji, an kuma damƙa shi a hannun malamin da ya san abin da zai yi da shi. Waɗannan sharuɗɗa biyu, harshe da malami, su ne ba sa shiga takardar kwangila.

Aji ɗaya, yara iri-iri

Manufar Ilimi ta Ƙasa a Najeriya ta tanadi malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare. Wanda ya leƙa makarantun gwamnati a manyan garuruwan Arewa ya san ajin da ya haura yara ɗari ba abin mamaki ba ne. Amma bambancin da ke tsakanin yaran ya fi yawansu wuyar sha’ani.

A ɗauki aji huɗu guda ɗaya. A layin gaba akwai ɗan ma’aikaci da ya yi nazare, yana karanta Turanci da ɗan dama. Kusa da shi akwai yarinyar da ba ta isowa sai ta sayar da ƙosai, kullum darasin farko ya wuce ta. Akwai yaron da ke ɓacewa da zarar an yi shuka, ya dawo bayan girbi ya tarar an gama ninkawa an shiga rabawa. Akwai wanda ya fito daga tsangaya da izu ashirin a ka, yana karanta rubutun allo kamar ruwa, amma baƙaƙen boko baƙi ne a wurinsa. Akwai ɗan Fulanin da Fulatanci ne harshensa na gida, da ’yar gudun hijira daga Borno wadda Kanuri ta fi ji. Can a bayan aji akwai yaron da sanƙarau ko ƙyanda ya rage wa ji tun yana ƙarami. Ba a taɓa gwada kunnensa ba, an dai yanke hukuncin cewa ba ya mai da hankali. Gefensa kuma ga wanda haruffa ke juye masa, *b* ta koma *d*, wanda aka daɗe da laƙaba wa sunan daƙiƙi.

Malami yana da murya ɗaya da alli ɗaya da minti arba’in ko ƙasa da haka. Zai yi bayani sau ɗaya, da harshe ɗaya, ya tambaya ko an gane, aji ya amsa da ƙarfi, ya wuce. Ba mugunta ce ta sa shi ba, iyakar abin da mutum ɗaya zai iya ke nan. Sai dai sakamakon shi ne layin gaba yake koyarwa, sauran kuwa ’yan rakiya ne. Wani rahoton Bankin Duniya da abokan aikinsa na 2022 ya ƙiyasta cewa kashi 89 cikin ɗari na yara ’yan shekara goma a Afirka kudu da Sahara ba sa iya karanta gajeren rubutu su fahimce shi. Da yawa daga cikinsu suna zuwa makaranta, sunayensu na cikin rajista.

Abin da alli ba zai iya ba

Bidiyo ba ya gajiya da maimaici. Malamin da ya fi kowa haƙuri, idan ya maimaita bayani sau uku, a na huɗu muryarsa za ta canja, yaron kuma zai ji canjin ya daina tambaya. Bidiyon minti huɗu kan ɗebewa da aro kuwa ana iya kunna wa yara goma a gefen aji har sau biyar, yayin da malami ke aiki da sauran. Wanda ya dawo daga gona zai tarar darasin da ya wuce shi yana jiransa.

Bidiyo yana kuma nuna abin da baki ba ya iya kwatantawa. Tsirowar ƙwayar wake, wadda ke ɗaukar kwanaki, ana ganinta cikin minti guda. Ana ganin tsutsar da ke cikin ruwan kwata tana rikiɗewa ta zama sauro, ana ganin inuwar duniya tana rufe wata a daren husufi. A makarantar da ba ta da ɗakin gwaje-gwaje, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Yaron da Turanci ya tsaya masa a maƙoshi zai fahimci abin kafin ya san sunansa, sai sunan ya zo ya tarar da ma’ana tana zaune.

Hausawa sun ce gani ya kori ji. A aji, gani da ji ba sa korar juna, taimakon juna suke yi, amma da sharaɗi. Richard Mayer na Jami’ar Kalifoniya da ke Santa Barbara ya shafe shekaru yana gwada yadda mutane ke koyo daga hoto da sauti. Abin da ya yi ta samu shi ne, mutum ya fi fahimta idan hoto da bayanin baki suka zo tare, fahimtar kuma tana raguwa idan aka cika bidiyon da kiɗa da ado da zantukan da ba su shafi darasi ba, tana ƙaruwa idan aka yanka shi gunduwa-gunduwa ana tsayawa tsakani. Dalilin a fili yake. Ƙwaƙwalwa tulu ce mai ƙaramin baki. Wanda ya juye mata bokiti gaba ɗaya, ƙasa ya shayar.

A 2014 Philip Guo da abokan aikinsa sun duba kallon bidiyo kusan sau miliyan 7 a darussan intanet na edX, suka ga hankalin mai kallo yana fara tashi bayan kimanin minti shida. Waɗannan manya ne da suka yi rajista da son ransu. To ina ga ɗan shekara tara da ke zaune a ƙasa cikin zafin bazara? Don haka fim ɗin rabin awa da aka kunna wa aji, malami ya fita ya tsaya a baranda, ba darasi ba ne ko da an rubuta shi a littafin darasi.

Tsohon labari a sabon kwali

Masu tallar na’ura suna magana kamar jiya aka gano cewa hoto mai motsi zai iya koyarwa. Tun a 1913 Thomas Edison ya yi hasashen cewa fim ya kusa maye gurbin littafi a makarantun Amurka. Littafi yana nan. A Arewa kuwa, dattawa suna tuna majigin zamanin Turawa da na farkon mulkin kai: mota ta iso ƙauye, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada bayan magariba, a nuna fim kan tsafta ko noma, irin su *Baban Larai*. Abin lura a tsarin majigi shi ne, fim ɗin yana tafiya da mai sharhi, mutum tsaye da lasifika yana yi wa jama’a bayani da Hausa. Tun wancan lokaci an san hoto shi kaɗai bai wadatar ba.

Maƙwabta sun yi gwajin da ya fi wannan girma. A 1964 Nijar, da taimakon Faransa, ta fara koyar da ’yan firamare ta talabijin, da Faransanci, inda aka sa matasa masu ɗan gajeren horo su kula da ajujuwa maimakon ƙwararrun malamai. Shirin ya yi suna a duniya, amma bai taɓa kaiwa ga mafi yawan yaran ƙasar ba. Kwaddibuwa ta ɗauki abin da ƙarfi a 1971, ta gina cibiyar shirye-shirye a Buwake, ta rarraba akwatunan talabijin har ƙauyukan da sai da batir ake kunna su, dubban ɗaruruwan yara suka shiga tsarin. A farkon shekarun 1980 aka rufe shi. Kuɗin ya yi yawa, iyaye sun koka cewa ’ya’yansu suna jin Faransanci a baki amma rubutu ya gagara, malamai kuma sun ƙi tsarin da ya mai da su masu gadin akwati.

Da kwamfuta ta zo, aka sake maimaita kuskuren. Ƙasar Peru ta raba wa yaran karkara ƙananan kwamfutoci a ƙarƙashin shirin kowane yaro da kwamfutarsa. Binciken da Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya fitar a 2012, kan makarantu 319, bai ga wani ci gaba a lissafi ko harshe ba bayan wata 15.

Gwajin da ya fi fito da darasin fili an yi shi ne a lardin Fanjab na Pakistan, aka buga sakamakonsa a 2022. Sabrin Beg da abokan aikinta sun bi hanyoyi biyu na kai gajerun bidiyon lissafi da kimiyya, waɗanda aka shirya bisa manhajar makaranta. A hanya ta farko an kafa allon kallo a aji, aka ba malami bidiyon ya riƙa sakawa cikin darasinsa. A ta biyu an raba wa ɗalibai kwamfutocin hannu su kalla da kansu. A inda aka bi ta hannun malami, sakamakon jarrabawa ya tashi cikin ’yan watanni. A inda aka tsallake malami, sakamakon ya faɗi, har ya gaza na yaran da ba a ba su komai ba.

Akwai wani ƙarin amfani da ba a cika faɗa ba. Malamin da ya kalli kyakkyawan bayani tare da ɗalibansa, shi ma yana koyo. A 2017 gwamnatin Kaduna ta ce malaman firamare fiye da 21,000 sun faɗi jarrabawar da ta yi musu, aka yi ta muhawara kan adalcin jarrabawar da korar da ta biyo baya. Ko me mutum ya ɗauka game da wannan, ba wanda zai musanta cewa malamai da yawa suna koyar da abin da su kansu ba a koya musu da kyau ba. Bidiyon da ke hannun irin wannan malami horo ne da ba ya tozarta shi gaban kowa.

Da wane harshe?

A nan ne munafurcin “ajin zamani” ya fi fitowa. Mafi yawan bidiyon da ake loda wa na’urorin nan an kwaso su ne daga intanet, an shirya su domin yaran Amurka ko Ingila ko Indiya, da lafazin da malamin kansa sai ya kasa kunne. Ana ba da misali da dusar ƙanƙara da kuɗin da yaro bai taɓa riƙewa ba. Ɗan ma’aikacin layin gaba zai tsinci wani abu. Yarinyar mai ƙosai za ta ga launuka. An sayi na’ura da sunan rage tazara tsakanin yara, ta zo ta ƙara faɗaɗa ta.

Manufar gwamnati kan harshen koyarwa tufka da warwara ce. Tun gwajin shekara shida da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarbanci, ake da hujjar cewa yaro ya fi koyo da harshen da yake ji. A Nuwamban 2022 gwamnatin tarayya ta amince a koyar da harshen uwa a shekaru shida na firamare. A Nuwamban 2025 ministan ilimi ya sanar da janye manufar, aka koma Turanci. Amma sanarwar Abuja ba ta canja harshen da yaron Ɗanja ko Gwadabawa yake tunani da shi. Bidiyon da ke bayani da Hausa, yana nuna kalmar Turancin a rubuce daidai lokacin da aka ambace ta, gada ce da za ta yi aiki a ƙarƙashin kowace manufa. Hoton kuma ba ya buƙatar sakewa idan aka zo kan ɗan Fulani ko ’yar Borno. Murya kawai za a ɗora da Fulatanci ko Kanuri.

Ba wanda zai ce abin ya gagara. A 2015 wani shirin inganta abincin mata da yara, tare da ƙungiyar Digital Green, ya shirya gajerun bidiyo a ƙauyukan jihar Maraɗi. Mutanen gari ne ’yan wasan, da Hausarsu, ana nunawa da ɗan ƙaramin majigi mai batir, mai gabatarwa yana tsayarwa ana tattaunawa. Shirin yara na Sesame Square, wanda ya fara a NTA a 2011, ya samu fassarar Hausa, haka ma zane-zanen koyarwa na Ubongo daga Tanzaniya. Sama da duka, Kano tana da masana’antar fim ta fiye da shekara talatin, da masu ɗaukar hoto da masu tacewa da masu ɗora murya waɗanda ke mai da fim ɗin Indiya na awa uku ya koma Hausa tsaf. Jihar da ke da waɗannan mutane amma take loda wa ’yan aji uku bidiyon Kalifoniya, kaza ce ta kwana kan dami.

Akwai ma dabarar da kusan kyauta ce. Tun ƙarshen shekarun 1990 Brij Kothari ya fara sa a rubuta baitocin waƙoƙin fim a ƙasan hoto a talabijin ɗin Indiya, da harshen da ake rera waƙar, kalma tana haske daidai lokacin da aka furta ta. Masu raunin karatu suka riƙa bin rubutun da ido ba tare da sun ɗauke shi karatu ba, bincike kuma ya nuna karatunsu ya inganta. Fina-finan Hausa kuwa, idan an yi musu rubutun ƙasa, da Turanci ake yi. Ingantaccen rubutun Hausa a ƙasan kowane shirin yara, da ƙugiyoyinsa daidai, zai zama darasin karatu a kowane ɗakin da ake kallo.

Waɗanda ba a tuna da su ko a bikin

A Janairun 2019 aka sa hannu kan dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman a Najeriya, wadda ta ba su haƙƙin ilimi ba tare da an ware su ba. Doka ba ta samar da tafintan maganar hannu a kowane aji, kuma ba jihar da za ta iya samar da shi a nan kusa. Bidiyo kuwa zai iya ɗaukar ƙwararren tafinta guda ɗaya ya kai shi ajujuwa dubu. Ga yaro kurma, wanda harshensa na gani ne, babu kayan koyarwar da ya dace da shi kamar wannan.

Sai dai a nan ma tambayar harshe tana nan. Makarantun kurame, irin ta Tudun Maliki a Kano, suna koyarwa ne da maganar hannu ta Najeriya, wadda tushenta na Amurka ne, ta hanyar Andrew Foster da ya buɗe makaranta a Ibadan a 1960. Amma kuramen ƙasar Hausa suna da tasu Maganar Hannu tun kafin nan, wadda Constanze Schmaling ta yi nazarinta a Kano ta buga littafi a kanta a 2000. Yaron da bai taɓa shiga makarantar kurame ba, ta gida ya sani. Duk mai shirya bidiyo dole ya zauna da kuramen kansu kafin ya yanke wadda zai yi amfani da ita, kuma ya ba tafinta fili a hoton, ba ɗan taƙin kusurwar da ko hannunsa ba a gani ba.

Mai lalurar gani kuwa, bidiyon da ke cewa “dubi wannan, sai ka haɗa shi da wancan” bai gaya masa komai ba. Maganin ba ya cin ko kwabo: mai bayani ya ambaci abin da yake nunawa da sunansa. Wannan gyara yana amfanar yaron da ke can baya inda hoton ya yi ƙanƙanta, kamar yadda rubutun ƙasa da aka yi domin kurma yake amfanar mai koyon karatu. Abin da aka gyara domin mafi rauni a aji, yawanci ajin gaba ɗaya ne ke cin moriyarsa.

Masu ja, da inda suke da gaskiya

Masu ja na farko za su ce ana maganar bidiyo a makarantar da ba rufi, ba benci, ba ban-ɗaki. Suna da gaskiya a kan jerin fifiko: inda ba malami ba rufi, malami da rufi za a fara nema. Amma tsadar da suke tsoro ta ƙaton allon kwangila ce, mai buƙatar wutar da babu da intanet ɗin da babu. Ɗan ƙaramin majigi mai caji, da farantin sola, da lasifika, da katin memori ba sa buƙatar ko ɗaya. Hanyar rarrabawa ma tana nan tuntuni. A kowace kasuwar ƙauye akwai mai tura fina-finai a waya, kuma sabon fim yana isa lungun da takardar ma’aikatar ilimi ba ta isa ba. Me zai hana darasin rabawa ya bi wannan hanya?

Na biyu su ne masu tsoron tarbiyya, waɗanda a wurinsu kallo kallo ne, ƙofar lalacewa ce. Damuwarsu ba ta banza ba ce, kuma duk shirin da ya raina ta zai mutu a ƙofar makaranta. Amma yaron da ake tsare wa ido a aji, da yamma yana leƙa wayar yayansa, ba wanda ya tace masa abin da yake gani. Bidiyon da malamai suka rubuta, iyaye da malaman addini suka gani kafin a kai aji, ya fi kusa da abin da suke so fiye da halin da ake ciki. Littafi ma yana ɗauke da alheri yana ɗauke da sharri, ba a hana karatu saboda haka ba.

Na uku su ne masu cewa malami zai kunna bidiyo ya tafi hira. Wannan zai faru, kuma shi ne haɗari mafi girma. Maganinsa yana cikin ginin bidiyon da horon malamin. Darasi mai kyau yana farawa da tambaya kafin a kunna: me kuke tsammani zai faru da wannan ƙwayar idan aka hana ta ruwa? A kalli minti biyu, a tsayar, yara su tattauna biyu-biyu, wasu su faɗi abin da suka gani, a ci gaba. Daga nan a kashe, a koma alli da littafi da ƙwayar wake ta gaske a cikin gwangwani. A cikin minti arba’in, kason bidiyo bai wuce biyar ko shida ba. Bidiyon da aka yanka haka, da wuraren tsayawa a cikinsa, ba ya ba malami damar fita.

Tambayoyi kafin a sa hannu

Na’ura tana cin kasuwa ne saboda ana iya ƙirga ta, a ɗauke ta hoto, a rubuta mata takardar biya. Horon malami da rubutun darasi da Hausa ba sa ɗaukar kyamara, kuma ba su da kaso mai tsoka. Shi ya sa ake sayen akwati a bar abin da za a zuba a ciki. Rahoton UNESCO na 2023 kan fasaha a ilimi ya yi irin wannan gargaɗi: ingantacciyar hujjar amfanin na’urorin nan ƙalilan ce, kuma da yawa daga cikin hujjar da ake yawo da ita daga masu sayarwa take fitowa.

Waɗanda za su iya canja wannan ba su da nisa. Su ne daraktocin ma’aikatu, da ’yan kwamitin kula da makaranta, da shugabannin ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da ke tara kuɗi duk shekara domin yi wa tsohuwar makarantarsu wani abu. Duk ranar da aka kawo musu takardar “ajin zamani”, akwai tambayoyin da ya kamata a amsa kafin biro ya taɓa takarda. Da wane harshe bidiyon yake magana, kuma wa ya rubuta shi? Minti nawa ne kowane ɗaya, kuma wane darasi na manhaja ya dace da shi? Akwai rubutun ƙasa da maganar hannu? Kwana nawa za a horar da malamai, wa zai dawo ya ga yadda suke yi? Idan batir ya mutu a zango na biyu, wa zai saya? Nawa ne kuɗin ƙarfe, nawa ne kuɗin abin da ke ciki? Idan kusan duk kuɗin na ƙarfe ne, an san inda akwatin zai ƙare.

Gwamnatocin jihohin da ke jin Hausa kuwa ba su da dalilin yin wannan aiki kowa shi kaɗai. Manhajar firamare ɗaya ce. Rumbu guda na gajerun bidiyon karatu da lissafi da kimiyya, wanda malaman aji suka rubuta, masu fim suka ɗauka, kurame da makafi suka gwada, aka sake shi kyauta kowa ya kwafa, zai yi wa Sakkwato aiki kamar yadda zai yi wa Bauchi, har ya tsallaka Damagaram.

Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. A bikin buɗewa na gaba, bayan an yanka ƙyalle an gama tafi, ya kamata wani daga cikin manyan baƙi ya ratsa ta tsakiyar yaran ya je layin ƙarshe, ya durƙusa gaban yaron da ke jingine da bango, ya tambaye shi da Hausa abin da ya gane a cikin abin da aka nuna. A jira amsarsa kafin a biya ɗan kwangila.